Ɗana, Ciwon Hanta Ba Abin Ɓoyewa Ba Ne

Ɗana, 

Wata magana ce ta iso ni wadda ban ji daɗinta ba, na ga kuma bai dace in kama bakina ba. An ce da kuka je gwajin aure an samu ƙwayar ciwon hanta nau'in B a jininka. Samun cutar bai tayar mini da hankali sosai ba, domin cuta jarrabawa ce, tana kan kowa. Abin da ka yi bayan haka shi ne ya hana ni sukuni. Ka ninke takardar ka tura ƙasan akwati, ba ka koma wurin likita ba, ba ka sanar da gidan yarinyar ba, ka je ka sayo jarkar jiƙo da aka ce maka tana wanke hanta cikin 'yan makonni. Har na ji ƙishin-ƙishin ɗin cewa wani abokinka ya ce zai samo maka takardar bogi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ka san aikin asibiti na yi har na ajiye, kuma har gobe ina bibiyar abin da likitocin ciki da hanta ke wallafawa. Ka daure ka karanta wannan zuwa ƙarshe, sannan ka yanke shawara da ilimi.

Bari in fara da kunyar da ta sa ka ɓoye takardar. Na san abin da ke ranka: kana tsoron a ce yaron kirki ya kwaso ciwo ta hanyar banza. To, ka sauke wannan kayan daga kanka. Babban binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na mutanen da ke tsakanin shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da wannan ƙwaya. Wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Ka duba sahun da kake tsayawa a masallacin unguwa, da wuya a rasa biyu ko uku a ciki, akasarinsu kuwa ba su sani ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Afrilun 2024 ya ce mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma kashi 13 kawai aka taɓa gwadawa aka gaya musu. Kai kana cikin 'yan ƙalilan ɗin da Allah ya nufa da sani tun da sauran lokaci.

A ƙasashenmu yawancin masu ɗauke da ita tun suna jarirai ko ƙananan yara suka same ta, ko daga uwa a lokacin haihuwa, ko daga yaro zuwa yaro a tsakar gida, ko ta ƙarfen da ya taɓa jini. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma ƙwayar kan zauna masa har tsufa. Baligin da ya kamu kuwa, fiye da kashi 95 jikinsu kan kore ta da kansa. Don haka wanda aka samu ta zauna masa, mafi rinjayen zato shi ne tun bai san kansa ba ta shige shi. Allurar rigakafinta ba ta shiga jadawalin rigakafin yara a Najeriya ba sai 2004, ku kuwa an haife ku kafin nan. Ka tuna yadda ake yi ranar suna a gidajenmu. Wanzami ya zauna a zaure ya buɗe zabirarsa, ya aske jaririn, ya cire masa beli, ya goge askar a jikin tsumma, ya wasa ta a fata, ya miƙe zuwa gidan suna na gaba da ita. Haka a wurin kaciya, haka a wurin ƙaho da tsaga. Ba da mugunta yake yi ba, sana'ar da ya gada ce. Sai dai wannan ƙwaya tana iya kwana bakwai a jikin ƙarfe da ranta, jinin da ido bai gani ba ma ya ishe ta.

Na ji kana cewa kai lafiyarka ƙalau, kana ci kana sha, ko zazzaɓi ba ka yi. Wannan shi ne tarkon. Hanta ba ta saurin kuka. Aikin wannan ciwo irin na gara ne a jikin azara: daga waje itace na nan garau, daga ciki an cinye, sai ranar da rufi ya rufto. Ƙwayar tana kumbura hanta a hankali, kumburin ya bar tabo, tabo ya taru hanta ta taurare ta ƙanƙance, wani lokaci sankara ta tsiro. Kafin ido ya yi ɗorawa, ciki ya cika da ruwa, ƙafa ta kumbura, aikin gama ya kusa gamawa. A 2017 wata tawagar likitocin Afirka ta wallafa bayanan masu sankarar hanta 2,566 daga ƙasashe tara, har da Najeriya da Ghana da Kamaru da Sudan da Masar. A ƙasashen da ba Masar ba, rabin marasa lafiyar ba su haura shekara 46 ba, wato magidanta masu ƙananan yara. Uku cikin ɗari kacal aka iya yi wa maganin sankarar, domin saura sun zo a makare. Rabinsu sun rasu cikin wata biyu da rabi da gano ciwon. Na ga irinsu da idona a ɗakin marasa lafiya, dangi na zagaye da gado ana cewa sammu aka yi musu, alhali abin ya shekara ashirin yana tafiya cikin shiru. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba. Na kawo ne don ka gane cewa takardar nan da ka ɓoye ita ce bambancinka da su.

Yanzu ga maganar jarka. Na san inda ake samo irinta. Motar nan da ke tsayawa a bakin tasha, an ɗaura mata lasifika, an baje jarkoki da ƙullin gari a kan tabarma, mai maganin yana lissafo basir da shawara da sanyi da olsa da ciwon hanta, duk a kofi ɗaya. Yanzu kuma sun koma Facebook da TikTok, suna ɗaga takardar gwaji a gaban kyamara suna cewa ga wanda ya sha ya warke. Ka tambayi kanka: ina labarin waɗanda suka sha ba su warke ba? Mai lasifika waɗanda suka tashi kawai yake ƙirgawa. Na kuma gaya maka cewa baligin da ya kamu sabon kamu, jikinsa ne ke kore ƙwayar cikin wata shida, ko ya sha jiƙo ko bai sha ba. Idan irin wannan ya sake gwaji ya ga babu, sai mai magani ya karɓe yabon. Kai naka ba irin wannan ba ne idan ya tabbata ya zauna.

Likitocin bincike ba haka suke aiki ba. Sukan tara marasa lafiya ɗaruruwa ko dubbai, su raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan magani, a hana waɗancan ko a ba su wani daban, a bi su shekara da shekaru. Wanda ya warke a rubuta, wanda ya mutu a rubuta, wanda maganin ya yi wa illa a rubuta. Sannan a buga sakamakon a mujalla inda abokan hamayya za su tsefe shi. Ni ban raina itatuwan da kakanninmu suka yi amfani da su ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da duniya ke taƙama da shi yau daga wani ganye dangin tazargade aka ciro shi a ƙasar Sin, har matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma sai da aka tace shi, aka auna yawan da jiki zai ɗauka, aka gwada. Jarkarka fa, wa ya san abin da ke ciki, wa ya auna? Duk abin da ka haɗiya ta hanta yake bi. Wani bincike da aka yi a gundumar Rakai ta Uganda, aka wallafa a 2012, ya samu cewa masu yawan shan magungunan gargajiya sun fi samun tabon hanta. Hantar da ke fama da ƙwaya ba ta buƙatar ƙarin kaya. Ka zubar da jiƙon nan, don Allah.

Ga abin da bincike na gaskiya ya kawo, kuma albishir ne. Tun 2006 wani nazari a Taiwan da ya bi mutum fiye da 3,600 sama da shekara goma ya nuna cewa gwargwadon yawan ƙwayar a jini, gwargwadon haɗarin sankara. Ke nan idan aka danne ƙwayar, an rage haɗarin. Akwai magunguna biyu da ke yin wannan aiki, tenofovir da entecavir, ƙwaya ɗaya a rana. A 2013 mujallar Lancet ta wallafa sakamakon mutanen da suka sha tenofovir shekara biyar, aka ɗebi ɗan tsokar hantarsu aka duba kafin su fara da bayan shekara biyar ɗin. Cikin mutum 96 da hantarsu ta riga ta taurare, 71 sun fita daga wannan mataki. A da, an ɗauka hanta in ta taurare shi ke nan, ba ta dawowa. Wannan bincike ya nuna cewa in aka ɗauke mata abin da ke cutar da ita, tana iya gyara kanta da ikon Allah.

A watan Maris na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idojinta a kan wannan ciwo. A tsohuwar ƙa'ida, mutum kaɗan ne cikin masu ɗauke da ƙwayar ake ɗorawa a kan magani, sauran a ce su jira. Sabuwar ta faɗaɗa ƙofa, ta yadda kusan rabi za su cancanta, tun daga ɗan shekara 12. Ana duba ko hanta ta fara tabo, ko ƙwayar ta yi yawa tare da alamar kumburi a jini, ko wani a dangi ya taɓa yin sankarar hanta, ko mutum na da wata cutar da ke ƙara wa hanta nauyi. Sun kuma yi la'akari da irin ƙasashenmu, inda gwajin ƙidayar ƙwayar ke da tsada kuma ba a kowane gari ake yin sa ba: likita na iya yanke hukunci da gwaje-gwajen jini masu araha. Farashin da aka daidaita da kamfanonin da ke haɗa tenofovir don ƙasashe masu tasowa bai kai dala uku a wata ba. Na san kafin ya iso kemis ɗin unguwa kuɗin ya hau, na kuma san aljihu ya yi zafi a wannan zamani. Amma ka lissafa abin da ka kashe a jarka, da abin da kake shirin kashewa a dina da kayan lefe, za ka ga kuɗin gwajin bai fi ƙarfinka ba.

Abin da za ka yi shi ne ka je asibitin koyarwa ko babban asibiti, ka nemi ganin likitan ciki da hanta. Za a auna sinadaran hantarka a jini, a ƙirga ƙwayar in da hali, a yi maka hoton ciki. Mai yiwuwa a ce ba ka buƙatar magani yanzu, sai dai sa ido. In aka ce haka, kada ka ɗauka an sallame ka. Komawa za ka riƙa yi. Mai yiwuwa kuma a ɗora ka a kan magani. In aka ɗora ka, kada ka sha wata uku ka ce ka ji sauƙi ka ajiye. Maganin danne ƙwayar yake yi, ba ya tumɓuke ta, kuma dakatar da shi kwatsam na iya sa ta taso da ƙarfin da ya fi na da, har hanta ta gaza. Kada kuma ka saya da kanka don ka ji sunansa a wasiƙata. Sannan hoton ciki duk wata shida. Wani gwaji a Shanghai da ya ƙunshi mutum fiye da 18,000 ya nuna cewa duba masu wannan ciwo duk wata shida ya rage mutuwa daga sankarar hanta da kashi 37, domin ana kama ƙarin tun yana ƙarami, lokacin da za a iya yanke shi ko a ƙone shi.

Sai maganar aure, wadda na san ita ce ta fi cin ranka. A watan Mayun 2024 aka sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Jihar Kano, ciwon hanta na cikin abubuwan da ake dubawa. Amfanin irin wannan gwaji shi ne a sani a ɗauki mataki. Takardar bogi cin amana ce, ɗana, kuma ba tarbiyyar gidanmu ba ce. Za ka shigo da 'yar mutane gidanka a kan ƙarya, ka jefa lafiyarta cikin haɗarin da allura uku za su iya kawar da shi? Ka je da wani babba ka zauna da waliyyinta ka faɗi gaskiya. A gwada ta. In ba ta da ƙwayar, a yi mata rigakafi: allura ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Fiye da tara cikin goma na waɗanda suka kammala kan samu kariya mai ɗorewa, kuma akwai gwajin da ke tabbatar da ta kama. Gidaje da yawa suna zaune lafiya a haka, miji na da ita, mata da 'ya'ya ba su da ita. Ka kuma faɗa musu, ka faɗa wa kanka, cewa ba a ɗaukar wannan ciwo ta gumi, ko musabaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya. Jini ne da saduwa da haihuwa. Kada ka bari a ware maka kwano. Abin da za ka ware shi ne reza da kilifa da abin yanke farce da buroshin haƙori. In sun ji gaskiya suka janye, zai yi ciwo, amma Allah zai musanya maka, kuma ka fita da mutuncinka.

Akwai waɗanda shirunka ke cutarwa fiye da amaryar, su ne 'yan ɗakinku. In tun yarinta ka samu, to wataƙila akwai mai ita cikin yayyenka da ƙannenka, wataƙila ma mahaifiyarku. Ƙannenka mata suna kan ganiyar haihuwa. Mace mai ɗauke da ƙwayar da yawa a jini na iya miƙa wa jaririnta ranar haihuwa, haka abin zai yi ta bin zuriya. Bincike ya samo inda ake yanke wannan igiya. A 2016 aka wallafa wani gwaji daga ƙasar Sin a kan mata masu ciki 200 da ƙwayar ta yi musu yawa. Rabi aka ba su tenofovir a watannin ƙarshe na ciki, rabi ba a ba su ba, dukkan jariran kuma aka yi musu rigakafi. Cikin matan da suka sha maganin yadda aka tsara, ko jariri ɗaya bai kamu ba. A ɗaya ɓangaren bakwai cikin ɗari sun kamu. Shi ya sa tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa ba irin waɗannan mata maganin tun suna da ciki. Wannan ba zai yiwu ba sai mace ta je awo an gwada ta.

Ginshiƙin kariya kuwa shi ne allurar da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, sai sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, cikin shekara goma sha uku likitocinsu suka nuna sankarar hanta a yara ta ragu da kusan rabi. A Gambiya, nan kusa da mu, an fara wani dogon bincike a 1986, aka bi yaran har suka girma, aka samu allurar ta kare fiye da kashi 90 daga zaunannen ciwon. Amma duk da haka jarirai 18 cikin ɗari ne kawai ke samun allurar ranar haihuwa a nahiyarmu, nahiyar da ke da kashi 63 na sababbin kamuwa a duniya. Dalilin a fili yake: a haihu a gida, a ce ba a fita da ɗanyen jariri sai an yi suna, wasu ma sai an yi arba'in. Kafin nan lokacin ya wuce. Allurar kyauta ce a asibitocin gwamnati. Ko a ɗaki aka haihu, a naɗe jaririn a zani, kaka ko gwaggo ta kai shi a ranar. Kai da ka yi boko, kai ya kamata ka tsaya a kan wannan a danginmu.

Ka kuma lura da abin da ke shiga tukunyar gidanka. Akwai wata guba da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa da masara idan ba su bushe da kyau ba ko an ajiye su a danshi, sunanta aflatoksin. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyaɗa da aka shigo da shi daga Brazil. Ka taɓa tsayawa ka ga yadda ake tsince gyaɗa a tsakar gida? A zube ta a faifai, a ware manya masu kyau a auna a kai kasuwa. Ƙananan nan da suka motse, da masu baƙi-baƙi, da waɗanda ƙwaro ya huda, a tara su gefe a ce na gida ne, a soya a niƙa a matse mai, tunkuzar a yi ƙuli-ƙuli ko a zuba a miya. Gubar a cikin waɗannan ta fi taruwa, kuma wuta ba ta kashe ta. Wani bincike a Shanghai a shekarun 1990 ya nuna cewa wannan guba ita kaɗai tana ninka haɗarin sankarar hanta kusan sau uku, ƙwayar B ita kaɗai kusan sau bakwai, amma in suka haɗu a jiki ɗaya, kusan sau sittin. A yankin Qidong na ƙasar Sin, da jama'a suka bar masara mai fumfuna suka koma shinkafa daga shekarun 1980, mutuwa daga sankarar hanta ta ragu da fiye da rabi a tsakanin masu ƙananan shekaru. Ban ce ka daina cin gyaɗa ba. A shanya hatsi a kan tabarma ko tamfol har ya bushe ƙarau, a ajiye buhu a kan katako nesa da bango, a tsince ruɓaɓɓu a zubar, kada a ba yara, kada a ba kaji. In ka ji gyaɗa da ɗaci a baki, tofar. Manomanku na ƙauye kuma ka ba su labarin Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta haɗa, ana watsa shi a gona kafin fure, yana rage gubar da kashi 80 ko fiye.

Mahaifiyarka ta ce aljihunka ba ya rabuwa da farasitamol da maganin olsa. Farasitamol magani ne mai kyau in an tsaya a ƙa'ida, amma wuce gram huɗu a rana na iya kashe hanta, kuma a Ingila da Amurka shi ne kan gaba wajen jawo gazawar hanta farat ɗaya. Mai ciwo irin naka likita ne zai gaya masa iyakarsa. Haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda a kemis don ciwon jiki, ka rabu da su. A cikinsu akwai masu ƙwaƙule ciki har ya yi jini. Ita kuma olsa, mun mayar da ita sunan duk wani ciwon ciki, muna ɗora laifin a kan yunwa da yaji. Tun 1982 likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke jawo yawancin gyambon ciki. Marshall har shan ƙwayar ya yi don ya tabbatar, suka samu kyautar Nobel a 2005. Likitoci a Maiduguri sun wallafa a 1992 cewa kusan kashi 85 na mutanen da suka gwada a Arewa suna da alamarta. Ana gano ta da gwajin numfashi ko na bayan gida, ana kashe ta da haɗin magunguna na kimanin mako biyu. A 2024 aka fitar da sakamakon wani gwaji a gundumar Linqu ta ƙasar Sin, mutum fiye da 180,000 a ƙauyuka 980, an bi su kusan shekara goma sha biyu, aka ga waɗanda aka kashe musu ƙwayar sun samu ragin sankarar ciki da kusan kashi 19. Ka sa likita ya duba wannan ma. Kuma ka riƙe wannan da kyau: mai ciwon hanta in ya yi aman jini ko bayan gida baƙi ƙirin, kada ya ce olsa ce ta tashi. Jijiyoyin maƙogwaro ne ke iya fashewa, asibiti za a nufa a take.

Giya na san ba ka sha, alhamdulillahi. Amma lemon kwalba da zaman mota da teɓar da ka fara ajiyewa suna tara wa hanta kitse, wanda shi ma ciwo ne da ke ƙaruwa a duniya. Sai a Maris na 2024 Amurka ta amince da maganinsa na farko, resmetirom, mai tsadar gaske. Tun kafin nan, wani bincike a Kuba a 2015 ya nuna cewa cikin waɗanda suka rage kashi goma na nauyinsu, tara cikin goma kumburin hantarsu ya kau. Tafiya a ƙasa da rage sukari ba sa buƙatar takardar likita.

Kada ka yanke ƙauna don na ce maganin ba ya tumɓuke ƙwayar. Ɗan'uwan wannan ciwo, nau'in C, shekaru kaɗan da suka wuce shi ma haka yake. A ƙarshen 2013 aka fito da sofosbuvir a Amurka a kan dala 84,000 na mako goma sha biyu. Yau haɗin da ke warkar da fiye da kashi 95 ya sauko zuwa kusan dala 60 a ƙasashe masu tasowa. Masar, wadda a da ta fi kowace ƙasa fama da shi, ta gwada mutum kusan miliyan 50 tsakanin Oktoban 2018 da Afrilun 2019, ta yi wa waɗanda aka samu magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama ta a 2023 a matsayin ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da shi. A nan gida Jihar Nasarawa ta ƙaddamar da irin wannan shiri a 2020. Nau'in B ya fi taurin kai domin yana ɓoye irinsa a cikin ƙwayoyin hanta, amma ana kan aiki. A 2022 aka wallafa gwajin wata allura, bepirovirsen, wadda ta kawar da alamar ƙwayar daga jinin kusan mutum ɗaya cikin goma. Somin taɓi ne. Aikinka shi ne ka kula da hantarka ta kai ranar da waraka za ta iso.

Addininmu ya hore mu da neman magani, tawakkali kuma bayan an yi abin da ya kamata yake zuwa. Ka ciro takardar nan ka kai wa likita cikin makon nan. Ka tara 'yan ɗakinku a gwada kowa, wanda ba shi da ita a yi masa allura, wanda ke da ita ya bi ka asibiti. Ka faɗa wa surukanka gaskiya kafin a sa rana. In nauyin baki ne ya hana ka, ka zo mu je tare, ni zan fara magana. Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka, ya tsare mana zuriya.

Wassalam,
Kawunka.